Ranar da Majalisa Ta Zauna Kan Gawar Kakana

Makon jiya aka yi sunan tattaɓa-kunnena a nan Sabo, unguwar Hausawa. Ina zaune a tsakar gida sai na ji wanzami yana wasa askarsa a jikin fata kafin ya jiƙa kan jaririn. Ban san lokacin da na ajiye kofin kunun da ke hannuna ba. Matan gida suka ɗauka jiri ne ya ɗebe ni, har wata ta rugo da mafici. Ni kuwa kakana na tuna, don shi ma wanzami ne, kuma da wannan ƙarar nake farkawa kowace safiya har na kai shekara tara.

Ni 'yar fari ce, kun kuwa san yadda ake yi da ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakannina na wajen uba. Su kuma ba a Sabo suke ba, suna can cikin garin Badun, bayan kasuwar Oja'ba, a wani babban gidan Yarabawa. Tun ubana yana yaro kakana ya sauka a gidan da zabirarsa a kafaɗa, mai gidan ya ba shi ɗaki biyu, zama ya yi daɗi. Da aka yanka wa Hausawa fili a Mokola, inda ya zama Sabo, aka ce kowa ya tattara ya koma can, ubana ya bi jama'a. Kakana ya ce shi kam ya tsufa, ba zai iya koyon sabon gida ba. Dogaran gari suka zo sau biyu. Mai gidan, wanda dukanmu muke ce wa Baba Mai Gida, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce musu nan babu baƙo, ɗan'uwansa ne kawai a ciki. Daga nan aka ƙyale su.

Ban taɓa ganin tsofaffi biyu masu jayayya irinsu ba. Kowace Juma'a kakana zai yi wa Baba Mai Gida aski, su yi wanka, su tafi babban masallaci tare, su dawo suna musu kan wanda ya yi gyangyaɗi lokacin huɗuba. Kakana yana Yarabanci a karye, Baba yana Hausa a gurguje, amma in suka zauna dara ba sa neman tafinta. Kakana yana ce mini amaryarsa, Baba kuma kullum barazanarsa ita ce zai ƙwace ni, tunda wanzami ba shi da abin ciyar da mata biyu. Haka na tashi cikin jikokin gidan. Na ci amala fiye da tuwo, na yi wasa da Yarabanci, na yi faɗa da shi, da shi nake mafarki. Hausa sai in kakata za ta aike ni ko za ta yi mini faɗa, kuma Allah Ya ji ƙanta, faɗan ya fi aiken yawa.

A farkon daminar shekarar da na cika tara ciwon ƙirji ya kwantar da kakana. Wata ranar Laraba da yamma Baba ya shigo ya zauna a gefen tabarmarsa, kakata tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ni ina kora wa mara lafiya ƙuda. Kakana ya kama hannun Baba ya ce masa da Yarabanci, ranar da aka ce Hausawa su tashi bai bar shi ba, to in ya mutu kada ya bari a fitar da shi daga gidan nan. Baba ya ce ya daina zancen banza, dara biyu yake binsa. Kakana bai saki hannun ba sai da Baba ya ce ya ji, ya kuma ɗauka.

Kwana shida bayan haka, ana idar da sallar asuba, ya cika.

Kafin rana ta ɗaga na ji ƙarar diga a ɗakinmu na waje. Ni ban ga abin mamaki ba. Mutanen Badun a gida suke sa nasu, a ɗaki ko a barandar gida, ni kaina na sha cin gyaɗa a kan kabarin uban Baba ba tare da na ji komai ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ba a yi wa baƙo haka. Wanda aka haƙa wa rami a cikin gida ya zama ɗan gida har abada, kuma Baba ba shi da abin da ya fi wannan da zai ba abokinsa.

Ubana ya iso da hantsi, gumi ya jiƙe masa riga. Ya shiga ya ga gawa, ya yi addu'a, ya fito. Sai a lokacin ya lura da jar ƙasar da ake fitarwa da kwando daga ɗaya ɗakin. Ya leƙa, ya ja da baya kamar wanda ya taka wuta.

"Inna, a ɗaki?"

Kakata tana bayan labule, ta riga ta yafa farin zane. Ta ce, "Haka ya ce."

"Inna, wannan ya fi ƙarfina. Ban isa in yanke shi ni kaɗai ba."

Gaskiya ya faɗa. A wancan zamanin ba a sa gawar Bahaushe a ƙasar Badun sai majalisar unguwa ta sani, ko a Sabo ya mutu ko a bakin hanya. Sai dai wa zai je ya ba da shaidar wasiyya? Kakata ta shiga takaba, ba ta taka ƙofar gida. Baba Mai Gida kuwa shi ne abokin jayayya, ba za a karɓi bakinsa ba. Kakata ta ce, "Tafi da amaryarsa, da kunnenta ta ji." Ta jawo ni ta ɗaura mini kallabi, ta ja mini kunne, ta ce in faɗi abin da na ji yadda na ji shi, kada in ƙara, kada in rage. Baba ya rako mu har waje. Ya ce wa ubana ya je ya gaya wa sarkinsu, amma ya tuna gawa ba ta jiran mutane su gama shawara. Bai ce masu haƙa su dakata ba.

Daga Oja'ba zuwa Mokola tafiya ce mai nisa ga ƙafar yarinya. An yi ruwa, hanya duk taɓo, rafin Ogunpa ya kawo har sai da na tattare zane. Ubana yana gaba, ina baya, bai ce mini uffan ba. Kada ku ce mugunta ce, kunya ce. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon idona ba, ta ina zai fara hira da 'yar fari a kan hanya mutane suna gani? Da ya waiwayo sau ɗaya ya ce, ke, ga yadda ake gaida sarki a wurinmu, da wataƙila ba wannan labarin nake ba ku ba. Har yau in na tuna shirun nan raina yana ɓaci.

Labari ya riga mu isa. Tun daga bakin unguwa, inda ake sauke huhunan goro, mutane suka bar abin da suke yi suna bin mu da ido. A ƙofar gidan sarkin unguwa samarin mahauta sun yi cincirindo, wasu da sanduna, wasu hannunsu bai ma bushe daga jinin yanka ba. Na ji wani yana cewa Yarabawa sun ƙwace gawar Musulmi za su binne a ƙarƙashin gado. Na so in ce masa Baba ma Musulmi ne, ya fi shi zuwa masallaci, amma sai na bi bayan ubana muka wuce.

Aka zaunar da ni a bakin zaure daga waje, inda nake jin komai. Majalisar ba ta da yawa. Akwai sarki a kan buzu, limami a damansa, sarkin fawa, da masu gidajen baƙi, wato waɗanda fatake ke sauka wurinsu da goro ko da shanu. Ƙa'idarsu ita ce kowa ya faɗi nasa, sarki ya yi magana a ƙarshe, in kuwa ya yi, an rufe.

Sarkin fawa ne ya fara, kuma bai tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ya ce a ba shi izini kawai, yaransa suna waje, kafin azahar gawa tana Sabo. Wani tsoho mai gidan shanu ya ce masa ya yi a hankali. Ya ce filin nan da muke taƙama da shi, da alƙalami aka ba mu, da alƙalami kuma za a iya karɓewa, in aka fasa kan mutum ɗaya a cikin gari, Bature da fadar gari ba za su tambayi wanda ya fara ba. Zauren ya ɗauki hayaniya. Limami ya bari sai da aka lafa, sannan ya yi magana a hankali yadda ya saba. Ya ce maƙabartar Musulmi ta fi, babu shakka, amma bai ga inda aka haramta sa mutum a gida ba, kuma wasiyyar mamaci abin girmamawa ce in ta tabbata. Ya ce abin da aka umarce mu da shi shi ne gaggawa, ga shi kuwa rana tana yi.

Akwai wani babban mai gidan goro, mutum mai ƙiba da zobba, wanda a gidansa ubana yake dillanci, a gidansa kuma yake kwana da iyalinsa. Shi ya ce maganar ba ta littafi ba ce. Ya ce yau in aka sa Bahaushe a ɗakin Bayarabe, gobe fadar gari za ta ce ai Hausawa suna da gida a cikin gari, me za su yi da Sabo, me za su yi da sarki nasu na kansu? Sarki ya juya ga ubana ya ce, kai ɗan mamaci, me ka gani? Ubana ya dubi maigidansa, ya dubi ƙasa, ya ce abin da manya suka gani shi ya gani. Na ji kunyar wannan amsa tun ina yarinya, na kuma fahimce ta sai da na girma na san abin da ake nufi da zama a inuwar wani.

Duk da haka, na rantse muku, zauren ya karkata wajen limami. Tsohon mai shanu yana tare da shi, wasu biyu suna gyaɗa kai. Limami ya ce shaidar yarinya ba ta tsayar da hukunci, amma tunda ba dukiya ake rabo ba, a saurare ta a matsayin labari. Sarki ya ce a shigo da ni.

Na shiga. Na ga rawuna, na ga gemu, na ga sarki. Na san in aka zo gaban sarki akwai abin da ake faɗa, an koya mana a gida. Na zube a kan gwiwoyina na ɗaga murya yadda kowa zai san an yi mini tarbiyya.

"Kabiyesi!"

Gaisuwar sarakunan Yarabawa ke nan. Wani daga waje ya tuntsire da dariya, aka yi masa tsawa. Sarki bai nuna komai a fuska ba. Ya ce, "Yarinya, me kika ji kakanki ya faɗa?"

Kakata ta ce kada in ƙara, kada in rage. Don haka na faɗa musu yadda ya faɗa, da Yarabanci, kalma bayan kalma, har da amsar da Baba ya bayar ta dara biyu. Limami ya sunkuyo ya ce, "Madalla, jikata. To maimaita mana da Hausa." Na fara, na kai rabi, kalmomin suka sarƙe, Yarabanci ya sake shigowa. Na sake farawa, ya sake shigowa. Sai na fashe da kuka.

Mai gidan goro bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an hutar da ni. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ga jikar wanzami, jinin Kano, tana yi wa sarkin Hausawa Kabiyesi. Masu rai ke nan. In muka bar musu matattunmu kuma, me ya rage?"

Na ga waɗanda suke gyaɗa wa limami kai sun sunkuyar da kai. Ko yaro ya san an gama.

Sai sarki ya yi magana. Ya ce gawa za ta zo maƙabartar Sabo. Ya ce sanda ko ɗaya ba za ta fita unguwa ba, wanda ya fita da ita ya nemi wani garin. Limami da tsohon mai shanu da ɗan mamaci su je da goro da makara da mutum huɗu masu ɗauka, su roƙa, kada su ƙwata. Tsohuwa da yarinya kuma, in an gama takaba, su dawo cikin 'yan'uwansu. Aka shafa fatiha. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne limamin da aka ƙi maganarsa shi ya riga kowa miƙewa, ya nemi takalmansa, ya ce a yi sauri. Haka majalisar take, in an yanke, bakin kowa ya zama ɗaya. A ranar na ji haushinsa ƙwarai.

Mun koma bayan azahar, rana ta take, hadari yana haɗuwa ta gabas. Samarin mahauta sun ajiye sanduna kamar yadda aka ce, amma sun biyo mu daga nesa, kuma kowa ya san mahauci ba ya rabuwa da wuƙa a ƙugu. Da muka shiga lungun gidan, samarin gidan Baba sun cika ƙofa, masu haƙa a gaba, digoginsu da addunansu a hannu. Tsakanin waɗannan da waɗancan bai fi taku goma ba. Mata sun kwashe yara sun shige ɗaki. Ban taɓa jin lungun nan ya yi shiru irin na ranar ba.

Ashe su ma dattawan gidan sun yi nasu zaman a baranda tun da muka tafi. Sun ce wa Baba ɗa ya fi aboki iko da gawar ubansa, kuma ba sa son a kira sunan gidansu a fada kan faɗa a kan mamaci. Amma shi ne babba a gidan, kalmar ƙarshe tasa ce, bai kuwa faɗe ta ba.

Ya fito ya zauna a kan kujerarsa a bakin ƙofa. Limami ya yi sallama, ya ajiye ƙwaryar goro, ya yi ta'aziyya, ya faɗi saƙon majalisa. Ubana ne ya yi tafinta. Mutumin da ya girma a gidan nan, wanda Baba ya saya wa rigar sallarsa ta farko, shi ya tsaya yana juya maganar zuwa Yarabanci. Baba bai dubi limami ba, bai dubi goron ba. Ni ya nema da ido a bayan mutane.

"Amarya, kin gaya musu?"

"Na gaya musu, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Na fara jin yayyafi a kan kallabina. Wani saurayi daga cikin masu haƙa ya gyara riƙon addarsa, na ga tsohon mai shanu ya matsa ya tsaya a gabansa, hannu biyu a buɗe. Sannan Baba ya ce wa ubana, da Hausarsa ta gurguje don kowa ya ji, "Ni na yi alkawari. Ku kun sa ni ƙarya gaban gawa." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce wa samarinsa su ba da hanya. Sai da ya faɗa sau biyu kafin suka matsa.

Abu ɗaya ya roƙa. Yana da farin ƙyalle da ya ajiye a akwati don likkafaninsa, ya ce da shi za a naɗe abokinsa. Limami bai ce sai ya koma ya tambayi kowa ba, ya ce a kawo. Da aka fito da makarar, kakata ba ta yi kururuwa ba, na dai ji ta kira shi da sunan da ban taɓa jin ta faɗa ba. Mata ba sa bin gawa, don haka ban ga sauran ba. An ce Baba ya bi su har Sabo cikin ruwan sama, babu takalmi, babu hula, ya ƙi a riƙe shi ko a wurin tsallake rafi.

Ramin nan bai yarda an cike shi ba. Ya sa aka jera katako a kai, aka shimfiɗa tabarma, kuma da muka tashi bayan takabar kakata, ya mayar da shimfiɗarsa ɗakin. Bai ga wata daminar ba. A ciki aka sa shi.

Ni kuwa na dawo Sabo na kulle bakina. Shekaru na yi ban furta Yarabanci ba, ko a kasuwa sai dai in nuna da yatsa. Na ɗora wa kaina cewa ni na kayar da kakana a gaban majalisa, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya ce ba haka ba ne.

Yanzu na tsufa, na san abin da ban sani ba. Na san ba don zauren nan ba, da an kwana ana wanke jini a lungun Oja'ba, wataƙila da babu Sabon da na haifi 'ya'yana a ciki. Majalisar tana nan har gobe, sai dai yanzu a kan kujeru ake zama, da takarda da lasifika. Jikana yana cikinta. Ya ce mini in muhawara ta yi zafi rabin maganar da Yarabanci ake yi, wani ya haɗa da Turanci, babu mai ɗaga kai. Na yi dariya har da hawaye, bai san dalili ba.

Shekarar da na dawo daga Makka na ce a kai ni tsohuwar maƙabarta in yi wa kakana addu'a. Mai gadin ya zagaya da ni cikin ciyawa, ya buɗe hannu ya ce, Hajiya, nan duk mutane ne, wasu a kan wasu, wa zai gane na wancan zamani? Daga nan na sa aka wuce da ni cikin gari. Gidan yana nan, an yi masa kwano, gabansa ya zama shagon ɗinki. Wata matashiya da ba ta san ni ba ta buɗe mini ɗakin. An shafe ƙasan da siminti, an share tas. Ta ce nan kakan kakansu yake kwance, a kabarin abokinsa Bahaushe, kuma duk shekara in sun yi sadaka su biyun suke haɗawa a addu'a, haka suka taras ana yi. Ban gaya mata ko ni wace ce ba. Na zauna a ƙasa na karanta abin da ya sawwaƙa.

Ban san inda ƙasusuwan kakana suke ba, kuma babu mai rai da ya sani. In na ɗaga hannu zan roƙa masa gafara, ɗakin nan nake gani, wanda majalisa ta hana shi.